Yadda Ake Koya wa Ɗalibi Fahimtar Tambayar Insha'i da Tsara Amsa Kafin Ya Fara Rubutu

Duk malamin da ya taɓa zama da tarin takardun insha'i yana dubawa ya san irin wannan takarda: rubutun hannu tsaf, nahawu ba laifi, shafi biyu cike maƙil, amma da ka koma kan tambayar sai ka tarar yaron bai amsa ta ba. An ce ya tattauna ko ya dace a hana ɗalibai shiga aji da wayar hannu, shi kuwa da idonsa ya faɗa kan kalmar "waya" sai ya zazzage duk abin da ya sani a kanta: amfaninta, illolinta, yadda ta sauya duniya. Malam ya sa jan biro ya rubuta "ka saki layi". Yaro ya karɓi takardarsa bai san inda ya saki layin ba, mako mai zuwa ya maimaita abin da ya yi. Tsayawa gyaran waƙafi da aya a irin wannan takarda, an bar jaki ne ana dukan taiki. Ɓarnar ta auku tun a minti biyun farko, kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Saboda haka karanta tambaya darasi ne mai zaman kansa, tsara amsa ma darasi ne, kuma kowannensu yana buƙatar lokacinsa a cikin jadawali.

Abin da ke sa yara sakin layi

Yawanci ba rashin ƙoƙari ba ne. Wani ya haddace insha'i guda tun a gida, yana jiran ya ga kalma ɗaya da ta yi kama da shi ya juye. Wata ta waiga ta ga na kusa da ita har ya cika rabin shafi, gabanta ya faɗi, ta fara rubutu ba ta gama karanta tambayar ba. Da yawa kuma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa "bayyana" da "tattauna" ba aiki ɗaya suke nema ba.

Akwai kuma wani dalili da ya fi waɗannan zurfi. Masana biyu a Kanada, Carl Bereiter da Marlene Scardamalia, sun nuna a 1987 cewa sabon marubuci yakan bi hanya guda: ya ɗauki batu, ya rubuta abin da ya fara zuwa masa, wannan jimlar ta tuno masa da wata, ya yi ta zubawa har abin da ke kansa ya ƙare. Gwanin marubuci kuwa yakan riƙa komawa yana tambayar kansa me ake nema a wurinsa, wa zai karanta, ta ina zai ɓullo. Yaro ba ya tsallakawa daga hanyar farko zuwa ta biyu don kawai shekarunsa sun ƙaru. Sai an nuna masa. Ga kuma nauyin da ke kansa lokacin rubutu: yana neman abin faɗa, yana neman kalma, yana kula da ƙa'idar rubutu, yana kallon agogo. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe duk waɗannan a lokaci guda, kuma abin da ta fara saki shi ne tambayar. Amfanin tsari ke nan, a sauke wani ɓangare na kayan a kan takarda.

Feɗe tambaya

A darasin farko ba wanda zai rubuta insha'i. Ka faɗa musu haka tun da farko, hankalinsu zai kwanta. Rubuta tambaya ɗaya a allo da manyan baƙaƙe, misali:

"Bayyana dalilai biyu da ke hana ɗaliban sakandare samun isasshen barci, sannan ka ba da shawarar abin da makaranta za ta iya yi a kai."

A karanta ta sau biyu, na farko da ƙarfi, na biyu kowa a zuci. Sannan a nemo abubuwa huɗu, kowanne da alamarsa, kuma alamar kada ta sauya har ƙarshen shekara. Kalmar umarni a zagaye ta. Batu a ja masa layi ɗaya. Iyaka a ja mata layi biyu. Idan an ambaci wanda za a rubuta wa ko sigar rubutun, wasiƙa ce ko jawabi ko rahoto, a sa masa akwati.

A wannan tambaya umarni biyu ne, "bayyana" da "ba da shawara", don haka a sa lamba 1 a kan na farko, 2 a kan na biyu. Wannan 'yar lamba tana ceton maki mai yawa, domin mantawa da rabin tambaya na biyu yana cikin kurakuran da suka fi yawa a ɗakin jarrabawa. Batun shi ne rashin isasshen barci. Iyakokin kuwa uku ne, kuma a nan ne ya kamata malam ya daɗe: dalilai biyu aka ce, ba biyar ba, ɗaliban sakandare aka ce, ba kowa da kowa ba, makaranta ce za a ba shawara, ba iyaye ko likita ba. Yara suna saurin ganin batu domin shi ne babbar kalma. Iyaka takan ɓuya cikin ƙananan kalmomi irin su "biyu", "kawai", "bayan", "a cikin aji", "a shekarun baya-bayan nan", ido ya wuce su bai tsaya ba.

Daga nan sai ka juya tambayar. Ka ce da su, "Wane insha'i ne zai yi kama da amsa alhali ba amsa ba ne?" Za su fara kawowa: wanda ya yi magana kan muhimmancin barci, wanda ya jero illolin rashin barci maimakon dalilansa, wanda ya ƙare da yi wa iyaye nasiha. Rubuta su a gefen allo ka ja musu layi a tsakiya. Yaron da ya ga ramin da idonsa ba kasafai yake faɗawa ba.

Kalmomin umarni

Nan ne tushen aikin, kuma darasi ɗaya ba ya isa. Kalmomin nan suna da ma'anarsu ta yau da kullum, suna kuma da ma'anarsu ta takardar jarrabawa, sau da yawa kuma ba sa haɗuwa. Ɗauki "kwatanta". A bakin mutane, in an ce ka kwatanta wa wani wuri, ana nufin ka siffanta masa hanya har ya gane. A takardar tambaya kuwa ana nufin ka ajiye abu biyu gefe da gefe ka nuna inda suka yi kama da inda suka saɓa. Yaron da ya zo da ma'anar farko zai siffanta abu na ɗaya, ya siffanta na biyu, ya ajiye biro yana ganin ya gama, alhali bai haɗa su ko sau ɗaya ba.

"Jero" ko "lissafa" suna neman sunayen abubuwa ne kawai, ba dogon sharhi. "Siffanta" tana neman yaya abin yake, kamanninsa da yanayinsa. "Bayyana" ta fi haka nauyi: tana neman dalili da yadda abu ke haifar da wani, don haka amsar da babu "saboda" ko "shi ya sa" a cikinta da wuya ta zama bayani. "Bambanta" rabin kwatanci ce, saɓani kaɗai take so. "Tattauna" kuwa, ka nuna musu cewa daga "tauna" ta fito, a tauna a sake taunawa, wato a juya magana ta wannan gefe a juya ta wancan kafin a haɗiye. Wanda ya kawo gefe ɗaya bai tattauna ba. "Tantance" da "auna" suna neman hukunci: wanne ya fi, da wane ma'auni. Sai kuma tambayar da ke cewa "har ina ka yarda", wadda ke ba ɗalibi damar cewa ya yarda da wani sashe ya ƙi wani, muddin ya faɗi inda ya ja layin.

Jerin nan hawa-hawa ne, daga tuna abu zuwa yanke hukunci a kansa, kamar matakan tunani da masanin ilimi Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka tsara a 1956. Ba sai yara sun san sunan Bloom ba. Abin da suke buƙata shi ne su ji bambancin a hannunsu, kuma atisayen da ya fi kawo haka shi ne batu ɗaya, umarni biyar. Ɗauki karatu a littafi da karatu a fuskar waya. Rukuni na farko su jero, na biyu su siffanta, na uku su kwatanta, na huɗu su tattauna, na biyar su tantance. Kowane rukuni jimla uku kacal zai rubuta, minti goma. Sai a karanta a gaban aji ba tare da an faɗi umarnin ba, sauran su canka wanne aka ba su. In aji ya kasa cankar umarnin, rukunin bai bi shi ba, kuma su da kansu za su gane.

Idan da wani harshe ake rubuta jarrabawar, ba harshen da yara suka tashi da shi ba, a fassara kowace kalmar umarni, a tattauna ta da harshen da suka fi ji, a manna jerin a bango. Babu amfanin yaro ya iya furta kalma bai san aikin da take sa shi ba.

Faɗa da bakinka

Mataki na ƙarshe kafin tsari: a kifa takarda, kowa ya juya wurin na kusa da shi ya faɗa masa tambayar da kalmominsa. Ka ba su ƙwarangwal su cika: "An ce in yi kaza, a kan kaza, kuma kada in wuce kaza." Minti biyu ya isa. Kai kuma kana zagayawa kana saurare. A nan za ka ji wanda ya mayar da "dalilai" ya koma "illoli", ka gyara shi da jimla ɗaya, maimakon ka tarar da shi bayan ya ɓata shafi biyu.

Amsa tukuna, sannan tsari

Kuskuren da ake yi wajen koyar da tsari shi ne a fara da "gabatarwa, gundarin bayani, kammalawa". Wannan suna ne na ɗakuna, ba ya gaya wa yaro abin da zai zuba a ciki. Abin da za a fara da shi shi ne amsa cikin jimla ɗaya. Koma kan tambayar waya: "Wasu na ganin ya kamata a hana ɗalibai shiga aji da wayar hannu. Tattauna, ka nuna matsayinka." Yaro zai rubuta, "Waya tana da amfani kuma tana da illa." Wannan ba matsayi ba ne, domin ba wanda zai yi masa musu. Ka tura shi ya sake. In ya dawo da "Ya kamata a hana waya lokacin darasi saboda tana raba hankali, amma a bari a yi aiki da ita idan malami ne ya buƙata," to an samu. Gwaji biyu ake yi wa jimlar: akwai mai hankalin da zai iya ƙin yarda da ita? Kalmomin tambayar sun fito a cikinta? Idan insha'in bayani ne ba na muhawara ba, jimlar ta ambaci dalilan biyu da shawarar a taƙaice.

Wani yaron ba ya sanin matsayinsa sai ya ga abin da ke kansa a rubuce. Irin wannan a bar shi ya fara da tara ra'ayoyi, ya dawo kan jimlar daga baya. Abin da ba za a bari ba shi ne a shiga rubutu babu ita.

Tara ra'ayoyi minti uku ne, da agogo. Kalma biyu ko uku ga kowane ra'ayi, ba zaɓe, ba gogewa, a nemi takwas zuwa goma. Sannan tankaɗe, wanda shi ne wurin da yara suka fi jin zafi, domin ba sa son zubar da abin da suka sha wuya suka tuno. Kowane ra'ayi a tambaye shi: wane ɓangare na tambayar kake amsawa? Wanda ba shi da amsa a soke shi, ko da gaskiya ne, ko da yana da daɗi. Tarihin ƙirƙiro waya gaskiya ne, amma ba ruwansa da aji. Waɗanda suka rage a haɗa masu kama da juna. "Saƙonni", "wasanni" da "kallon bidiyo" duk abu ɗaya ne, raba hankali. Daga goma yawanci uku ko huɗu ke tsira, kuma su ne sakin layin insha'in. Ga rubutu mai kalmomi 400 zuwa 450, uku da aka yi wa bayani sosai sun fi bakwai da aka taɓa sama-sama.

Kowane sakin layi yana buƙatar abu uku a cikin tsarin: magana, hujja, da igiyar da ta ɗaure su. Masanin falsafa Stephen Toulmin ya fito da wannan a 1958, cewa tsakanin da'awa da hujjarta akwai wani dalili da ke haɗa su, wanda mai magana kan ɗauka kowa ya gane. Yara suna kawo magana, suna kawo misali, sai su tsallake igiyar. "Waya tana raba hankali. Misali, saƙo yakan shigo ana tsakiyar darasi." To, sai me? Sai yaro ya duba, bayanin malam ya wuce shi, mataki na gaba na lissafin ya dogara da wanda ya wuce, shi ke nan darasin ya kuɓuce masa. Wannan ita ce igiyar. Koya musu su riƙa tambayar kansu "to, sai me?" bayan kowane misali.

Ga yadda tsarin zai kasance a takardar yaro:

Matsayi: a hana lokacin darasi, sai in malami ya buƙata.
1. Raba hankali. Saƙo ana lissafi. Mataki ɗaya ya wuce, sauran sun rushe.
2. Satar amsa. Gwajin aji. Malam ba zai san wanda bai gane ba.
3. Masu cewa a bari: ƙamus, bincike. Gaskiya ne, shi ya sa a ƙarƙashin malami.
Rufewa: doka mai ƙofa.

Duka bai kai kalma 60 ba, kuma bai kamata ya wuce rabin shafi ba. Lura da na uku: tunda "tattauna" aka ce, dole ɗaya gefen ya samu wurinsa, a kawo shi da ƙarfinsa, sannan a amsa masa.

Siffar tsari tana bin umarni. Ga kwatanci, a ja tebur mai gida biyu, a gefe a rubuta ma'aunai uku, a cike kowane layi ga abubuwan biyu. Hakan yana tilasta wa yaro ya haɗa su a kowane sakin layi. Ga labari, a rubuta aukuwa huɗu ko biyar bi da bi, a sa tauraro a kan wadda ita ce zuciyar labarin, a ba ta rabin rubutun, in ba haka ba yaro zai ƙare lokacinsa yana tashi daga barci yana shiri.

Malam ya fara yi a gabansu

Faɗa wa yara "ku tsara" ba koyarwa ba ce. Ka tsaya gaban allo da tambayar da ba su taɓa gani ba, ka yi tunaninka da ƙarfi suna ji: "Bari in sake karantawa. Au, dalilai aka ce, ni kuma har na fara tunanin illoli. Wannan ra'ayin ina son sa, amma bai amsa komai ba, na soke." Ka yi kuskure da gangan ka kama kanka, domin su ga cewa sokewa ba gazawa ba ce. Sau biyu ko uku kai kaɗai, sannan ku yi tare kai kana riƙe da alli su suna faɗa, sannan bibbiyu, sannan kowa shi kaɗai. Wannan saki a hankali shi ne abin da masana ilimi David Pearson da Margaret Gallagher suka tsara a 1983. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a yi tsalle daga mataki na farko zuwa na ƙarshe cikin darasi guda. Mako huɗu zuwa shida, darasi biyu a mako, shi ne abin da za a sa a rai. A cikin wannan lokaci a feɗe tambaya goma sha biyar ko fiye, a tsara kamar takwas, a rubuta cikakken insha'i biyu ko uku kawai. Wahalar ba ta tafiya a banza: nazarin da Steve Graham da Dolores Perin suka fitar a 2007, wanda ya tattara bincike masu yawa kan rubutun matasa, ya sa koyar da dabarun tsarawa da bita a sahun gaba na abubuwan da ke inganta rubutu.

Agogo da sauran matsaloli

Ƙorafin farko da za ka ji shi ne "Malam, lokaci ba zai isa ba." Raba musu shi a allo. In minti 45 aka bayar: 3 na feɗe tambaya, 7 na tsari, 30 na rubutu, 5 na bita. Wanda ya san abin da zai faɗa yana rubuta kalma 450 cikin minti 30 ba tare da gudu ba. Mai cin lokaci shi ne tsayawa a tsakiyar shafi ana cizon biro.

Wasu za su rubuta insha'in tukuna, sannan su ƙaga tsari a sama don su faranta maka. Maganinsa a karɓi tsari a sa masa hannu kafin a ba da izinin rubutu, kuma a ware masa maki, ko da biyu ne cikin goma. Abin da ba a ba shi maki, yara sun san ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. A babban aji ba sai ka duba na kowa ba: su yi musaya, kowa ya karanta tsarin abokinsa ya faɗi tambayar da yake ganin tsarin ke amsawa, kai kuma ka ɗauki goma kowane darasi. Wasu kuma tsarinsu zai zama insha'i na farko, cikakkun jimloli har shafi guda; a ƙayyade musu kalma shida a layi. Akwai masu yin tsari mai kyau su manta da shi da zarar sun fara. Su riƙa sa alamar daidai a kan kowace lamba idan sun gama sakin layinta. In sabon ra'ayi ya zo ana cikin rubutu, ba a hana shi ba, amma sai ya amsa tambayar da sauran suka amsa kafin ya shiga.

Wani lokaci kuma laifin na tambayar ne. "Rubuta insha'i a kan muhalli" ba ta da umarni, ba ta da iyaka, don haka duk wanda ya zazzage abin da ya sani bai yi laifi ba. Kafin ka ba yara tambaya, ka zauna minti biyar ka tsara amsarta da kanka. In ka kasa samun matsayi cikin jimla ɗaya, ko ka tarar tambaya uku ce a cikin riga ɗaya, gyara ta tun ba ta isa allo ba.

Ranar mayar da takardu, kada ka tsaya a "ka saki layi". Sa kowa ya rubuta a gefen kowane sakin layi, da kalma huɗu ko biyar, abin da sakin layin ya faɗa, sannan ya ajiye wannan jerin kusa da tambayar da ya zagaye ya ja wa layi. Duk sakin layin da bai sami gurbinsa a tambayar ba a sa masa alama, duk lambar umarnin da ba ta sami sakin layi ba ita ma a sa mata. Abin da za a sake rubutawa a wannan rana tsarin ne kaɗai, minti bakwai, a miƙo maka kafin a tashi.